Darasi na 7: Kafin ka karɓi aikin ƙaramin albashi

Yawancin aikin farko da ake samu a Gombe ba na gwamnati ba ne. Tsaron shago ne a babbar kasuwa, ko zama a rumfar POS, ko ba da mai a gidan mai, ko gadi, ko koyarwa a makarantar kuɗi, ko shara da goge-goge a otal. Mai ɗaukar aikin zai faɗi adadi ɗaya ya ce albashinka ke nan. Babu kuɗin mota, babu na asibiti, babu fansho. Wanda ya daɗe zaune a gida yakan ce da babu gara ba daɗi, ya amsa nan take. Sau da yawa ya yi daidai. Amma akwai aikin da idan ka karɓa, kai ne za ka riƙa ciyar da shi daga aljihunka. Biro da takarda ne ke bambance su, don haka ka ɗauko su yanzu.

Abin da ke saura a hannu

Adadin da za mu yi aiki da su misali ne kawai. Farashi na sauyawa, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, don haka kowa ya sa nasa adadin na yau.

A ce kana zaune a Tumfure, an ba ka tsaron shago a cikin gari, albashi N45,000 a wata. Ana fita kwana shida a mako, wato kusan kwana 26 a wata. A ce kuɗin keke N300 zuwa, N300 dawowa. N600 sau 26 ya ba da N15,600. Ba za ka koma gida cin abincin rana ba, sai ka saya a kasuwa: a ce N600 har da ruwan leda, shi ma N15,600 ke nan. Katin waya da data, tunda maigida zai riƙa nemanka kuma kai ma za ka riƙa kiransa, a sa N2,000. Jimilla N33,200. Cire wannan daga N45,000, abin da ya rage N11,800. Raba shi gida 26, za ka ga kana komawa gida da kimanin N450 a rana. Wannan shi ne albashinka na gaskiya, shi za ka kai wa iyali.

Yanzu ga wani aikin a unguwarku, inda za ka taka da ƙafa, ka ci abinci a gida, albashi N30,000. A baki ya fi wancan ƙanƙanta da N15,000. A aljihu kuwa, bayan katin waya, kana da N28,000. Ko ka cire kuɗin kwanon da ka ci a gida, ya fi wancan nesa ba kusa ba.

Mata su ƙara layi ɗaya a lissafin: wa zai riƙe yara, kuma nawa za a ba shi? Wadda ke sana'ar cikin gida, kamar ƙosai, awara, kitso ko ɗinki, ta rubuta ribar da take samu a wata, domin ranar da ta fara fita aiki tun safe, wannan ribar ta tafi. Haka namiji mai gona. Idan aikin bai bar ka ka je shuka da noma da damina ba, sai ka biya 'yan ƙwadago, ko kuma ka sayi buhun masarar da da kai ne ka noma.

Sai awanni. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare awa 12 ne. Sau 26, awa 312. Raba N45,000 da 312, kowace awa ta tashi a kusan N144. Aikin da ake tashi da azahar ya bar maka yamma ka yi wani abu, ko ka zo aji irin wannan. Wanda ake tashi bayan isha'i ya cinye ranar duka.

Masu shiga koyarwa a makarantar kuɗi su yi tambaya ɗaya tun kafin su riƙe alli: ana biya lokacin hutu? Wasu makarantu ba sa biya sai watannin da ake karatu, kusan wata tara a shekara. N30,000 sau 9 ya zama N270,000. Raba shi wata 12, albashin ya koma N22,500, kuma babban hutu yakan faɗo ne a tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya fi tsada.

Abin da doka ta tanada

A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi N70,000 a wata, daga N30,000 na shekarar 2019. To me ya sa ake ba mutane ƙasa da haka? Saboda dokar ba ta hau kan kowa ba. Ta tsame wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin wasu 'yan awanni, da waɗanda ake biya da kamasho ko da yawan abin da suka yi, da aikin gona na kaka ko damina. Mai shago da yara uku bai karya wannan doka ba idan ya biya N45,000. Amma kamfanin gadi ko babbar makaranta mai ma'aikata 40 ba ta da wannan uzurin. Saboda haka ka ƙirga kawunan ma'aikatan wurin tun ranar da ka je ganawa.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda ta fi shafar masu aikin hannu da na akawu, ba ta duba girman albashi kafin ta ba ma'aikaci haƙƙinsa. Dole a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce kafin cikar wata uku da fara aiki. Ba a jinkirta biyan albashi ya wuce wata ɗaya tsakanin biya da biya. Kana da hutun yini guda a cikin kowane kwana bakwai, kuma idan aikin yini ya kai awa shida, akwai hutun da jimillarsa ta kai awa ɗaya. Bayan wata 12 kana aiki ba yankewa, kana da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida da albashinka. Rashin lafiyar da likita ya ba da takarda a kai, ana biyan har kwanakin aiki 12 a shekara. Mai juna biyu tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, kuma idan ta yi wata shida a wurin, ba za a biya ta ƙasa da rabin albashi ba a lokacin.

A gaskiya ƙananan wurare da yawa ba sa bin waɗannan, wasu ma ba su taɓa jin labarinsu ba. Duk da haka sanin su na da amfani, don wanda ya san hutun mako haƙƙinsa ne ba zai roƙe shi kamar sadaka ba. Idan rigima ta taso, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a babban birnin jiha, kuma Kotun Ma'aikata ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Abu na farko da za a tambaye ka a can shi ne takarda.

"Babu alawus" kuɗi ne

Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi a asusun fanshon ma'aikaci, shi ma ma'aikacin a cire masa kashi 8. A albashin N45,000, kason kamfani ya kai kusan N4,500 a wata, N54,000 a shekara. Aikin da babu fansho ya rage maka wannan ba tare da ka gani ba. Inda kuma ake cirewa, ka tabbata kana da lambar asusunka kuma saƙo na shigowa wayarka, domin akwai masu cirewa a takarda amma kuɗin ba ya isa ko'ina.

Asibiti ya fi fansho gaggawa. Zazzaɓin cizon sauro ɗaya da ya kwantar da yaro zai iya lashe N11,800 ɗin nan gaba ɗaya. Wanda wurin aikinsa bai yi masa inshorar lafiya ba, ya je ofishin GoHealth, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Gombe, ya tambayi yadda mai zaman kansa ke shiga da abin da ake biya, ya sa kuɗin cikin lissafinsa. Idan aikin na da haɗari, kamar injin niƙa, dakon siminti ko gadin dare, ka tambaya kai tsaye: in na ji rauni a bakin aiki, wa zai biya magani? Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a hukumar NSITF, mai biyan diyyar ma'aikata, saboda irin wannan rana, kuma ba daga albashinka ake cire shi ba.

Inda ake faɗawa rami

Giɓi shi ne babban abin da ke cinye albashin mai tsaron shago, mai POS da mai ba da mai. Da yamma a yi lissafi, kuɗi su gaza, a ce a cire a albashinka. Wani giɓin kuskuren canji ne, wani jabun kuɗi, wani saƙon tiransifa na bogi da aka nuna maka a waya kana cikin cunkoso, wani kuma bashin da maigida ya ba abokinsa da baki bai rubuta ba. Maganinsa littafi. Ranar da za ka karɓi shago, a ƙirga kaya a gabanka, ku biyu ku sa hannu. A gidan mai, ka rubuta lambar mitar famfo lokacin karɓa da lokacin miƙawa. Kada ka saki kaya ko kuɗi sai ka ga kuɗin a naka asusun, ba a wayar mai saye ba. Doka ba ta yarda a ci ma'aikaci tara daga albashinsa yadda aka ga dama ba, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba.

Kada ka ba kowa takardun makarantarka na asali ya ajiye. Kwafi ya isa. A ga na asalin, a miƙo maka. Wanda ya riƙe satifiket ɗinka ya riƙe ƙafarka ranar da ka sami inda ya fi. Duk kuma wanda ya ce ka biya kuɗin fom, na horo ko na "gurbi" kafin ka fara, ka kama gabanka. Idan an nemi wanda zai tsaya maka, a karanta masa takardar kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya san iyakar kuɗin da ya ɗauka a wuyansa. Irin wannan takarda ta sha raba wa da ƙani.

Sai watan gwaji. A faɗa maka wata nawa ne, nawa za a biya a cikinsa, da nawa zai koma bayan ya ƙare. Gwajin da ba shi da ranar ƙarewa yakan shekara. Wasu kuma sukan riƙe albashin watan farko a matsayin jingina. In ka yarda da haka, a rubuta adadin da ranar da za a mayar maka.

Yadda ake tambaya ba tare da ɓata zumunci ba

A nan Gombe aiki yakan zo ta hannun kawu, maƙwabci ko limamin unguwa, shi ya sa kunya ke ɗaure baki. Mutum na ganin in ya tambayi ranar biya za a ce bai gode ba. Ana iya tambaya cikin ladabi:

"Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai. Ina so in riƙe aikin nan da kyau, shi ya sa nake son in san ƙa'idarsa. Ƙarfe nawa ake tashi? Wace rana ce hutu? Ran nawa ga wata ake biya?"

"Alhaji, na lissafa kuɗin keke daga Tumfure ya haura dubu goma sha biyar. In ƙarin albashi bai yiwu yanzu ba, ko za a taimaka da abincin rana?"

Mai shago da ba zai iya ƙara N10,000 ba sau da yawa yakan iya ba da kwanon abinci, ko ya bar ka ka tashi da la'asar kwana biyu a mako, ko ya yi alkawarin ƙari bayan wata uku. Idan babu takardar ɗaukar aiki, rubuta abin da kuka yi magana a kai a ƙaramar takarda: suna, irin aiki, albashi, ranar biya, awanni, ranar hutu. Ku sa hannu, da shaida ɗaya. In hakan ya yi nauyi, tura masa a saƙon waya ya amsa da "haka ne", ka adana. Kafin duk wannan ma, nemi wanda ya taɓa aiki a wurin ya bari, ka tambaye shi ko ana biya a kan lokaci. Wurin da ake sauya yara duk wata biyu, akwai dalili.

Akwai aikin da lissafinsa bai yi kyau ba amma ya cancanci karɓa, saboda abin da zai bari a hannunka. Shekara ɗaya a shagon gyaran waya, kantin magani, wurin haɗa sola ko ofishin da za ka taɓa kwamfuta kullum, za ka fita da sana'a da sanin masu kawo kaya. Shekara ɗaya a bakin ƙofa kana buɗewa da rufewa, za ka fita yadda ka shiga. In ka karɓi irin na farko, sa wa kanka wa'adi, wata shida ko shekara, ka rubuta abin da kake son ka iya kafin lokacin. Ranar tafiya kuma a ba da sanarwa yadda doka ta tsara in babu wata yarjejeniya: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu zuwa ƙasa da shekara biyar, wata ɗaya ga shekara biyar ko fiye. Ka nemi takardar shaidar aiki kafin ka miƙa makulli.

Aikin gida

An ba wata mata da ke Pantami aikin shara a Jekadafari, albashi N35,000, kwana 26 a wata. Kuɗin keke N250 zuwa, N250 dawowa. Za ta riƙa ba ƙanwar maƙwabciyarta N5,000 a wata don riƙon yaro, kuma za ta daina tuyar awarar da ke kawo mata ribar N400 a rana. Lissafa abin da aikin zai ƙara mata a wata. Sannan rubuta tambayoyi uku da ya kamata ta yi wa Hajiyar da za ta ɗauke ta aiki kafin ta amsa, ka zo da su aji mako mai zuwa.