Yadda ake bibiyar mahaukaciyar guguwar teku kafin a san inda za ta faɗa

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika, kuma da yawa daga cikin manyan guguwoyin da ke afka wa tsibiran Karibiyan da gaɓar Amurka suna somawa ne da hadarin damina da ya keta Afirka ta Yamma, ya fita teku ta wajen Senegal, ya sami ruwa mai ɗumi ya ƙara ƙarfi. Wanda ke zaune a gaɓar, ko yake da ɗan'uwa a Houston ko Miami, yana bukatar ya iya karanta hasashen da kansa.

A fara da neman hasashen daga tushe. Cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka, wato NHC da ke Miami, tana fitar da cikakkiyar sanarwa duk bayan awa 6, kuma idan guguwa ta doshi gaɓa tana ƙara gajerun sanarwoyi a tsakani. Saboda haka kafin a yarda da taswirar da aka turo ta WhatsApp ko Facebook, a duba rana da lokacin da ke rubuce a jikinta, domin taswirar jiya tana iya kai mutum ta baro.

A kan taswirar za a ga wani zane mai siffar mazurari, siriri a inda guguwar take yanzu, yana buɗewa har zuwa kwana na biyar. Nan ne aka fi yin kuskure. Zanen yana nuna yankin da ake sa ran tsakiyar guguwar za ta bi ne kawai, kuma an auna faɗinsa da kurakuran hasashen shekaru biyar da suka gabata, ta yadda sau biyu cikin uku tsakiyar za ta tsaya a cikinsa, sau ɗaya kuma ta fice. Bai nuna girman guguwar ba, bai kuma nuna iyakar inda iska da ruwa za su kai ba, alhali suna iya yin ɓarna a ɗaruruwan kilomitoci daga wajensa. Mafi muni shi ne zuba ido kan layin tsakiya. A Agustan 2004 hankali ya koma kan birnin Tampa na jihar Florida, sai guguwar Charley ta ɗan karkata dama ta faɗa wa yankin Punta Gorda. A Satumban 2022 aka maimaita kusan haka da guguwar Ian: ana ta maganar Tampa, amma ta sauka kusa da Fort Myers, wanda ke cikin mazurarin ta gefe, kuma fiye da mutum 100 suka rasu a jihar Florida. Duk garin da ke cikin zanen, ko a bakinsa yake, ya shirya kamar shi za ta faɗa wa.

Akwai kuma taswirar layuka barkatai da na'urorin kwamfuta daban-daban ke zanawa. Amfaninta ɗaya ne ga wanda ba masani ba: idan layukan sun haɗu hasashen ya yi ƙwari, idan sun warwatse da sauran magana.

Daga nan sai a duba ƙarfi, amma da hattara. Ma'aunin Saffir-Simpson yana da mataki biyar, na ɗaya daga gudun iska kilomita 119 a awa, na biyar daga kilomita 252, kuma iska kaɗai yake aunawa. Alhali kuwa ruwa ne ya fi kisa. Iskar guguwa tana ingiza ruwan teku ya tumbatsa ya hau tudu, musamman inda gaɓar ba ta da zurfi ko lokacin ya dace da cikar teku. Guguwar Katrina tana mataki na uku lokacin da ta sauka a 2005, amma tumbatsar ta haura mita 8 a gaɓar Mississippi. A arewacin duniya ɓangaren dama na hanyar guguwa ne ya fi samun wannan bala'i, shi ya sa Ian ta janye ruwa daga mashigin Tampa da ke hagunta a daidai lokacin da take nutsar da Fort Myers Beach da ke damanta. Ruwan sama ma nasa haɗarin daban ne, domin Harvey ta tsaya a kan Texas a 2017 ta zubar da fiye da milimita 1,500 a wasu wurare. Don haka a nemi taswirar tumbatsar teku da ta ruwan sama, waɗanda a ganina sun fi mazurarin amfani ga mai gida a bakin ruwa. Kada kuma ƙaramin mataki ya sa a saki jiki, domin Otis ta tashi daga matsakaiciyar guguwa zuwa mataki na biyar cikin kusan yini ɗaya kafin ta ragargaza birnin Acapulco na ƙasar Mexico a Oktoban 2023.

Batun lokaci shi ne na ƙarshe. Ana fitar da sanarwar zama cikin shiri kimanin awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, gargaɗi kuma awa 36, kuma da isowar iskar ake lissafi, domin tana riga tsakiyar guguwar zuwa da awoyi da yawa, tana sa a rufe gadoji. Tun kafin lokacin guguwa ya kama, mutum ya binciki rukunin kwashe jama'a da unguwarsa take ciki a wajen ƙaramar hukumarsa, ya tanadi ruwan sha da magunguna da rediyo mai batir, ya cika tankin mota. Idan aka ba rukuninsa umarnin tashi, ya tashi ba tare da jiran sanarwa ta gaba ba, kuma sau da yawa tafiyar 'yan kilomitoci zuwa tudu, cikin gini mai ƙwari, ta wadatar.