Yadda ma'auratan da suka yi ritaya za su kula da kansu a shekarar annoba

Shekarar 2020, wadda cutar korona ta hana maniyyata daga wajen Saudiyya zuwa aikin Hajji, ta nuna cewa dattawa suna buƙatar shiri tun da wuri, musamman idan maigida ko uwargida na fama da hawan jini ko ciwon sukari, domin cutar ta fi tsananta ga irinsu.

A tanadi maganin da likita ya rubuta na wata biyu ko uku, a sayi na'urar auna jini, a riƙa rubuta sakamakon a littafi. Wajen motsa jiki kuwa, tattaki a tsakar gida bayan sallar asuba ya wadatar.

Zumunci ne ya fi wuya, kuma a ganina kaɗaici yana cin dattijo kamar ciwo. A tsayar da ranar da 'ya'ya da jikoki za su kira ta WhatsApp. In sun zo gaisuwa, a zauna a waje inda iska ke kaɗawa, a haƙura da musabaha.

Idan tafiya ta zama dole, motar gida ta fi ta haya. A sa takunkumi, a buɗe tagogi, sannan bayan dawowa a lura da zazzaɓi ko tari har kwana 14.