Inda ya kamata a kafa eriyar oba-oba a jikin mota

Direbobin da ke bin hanyar Birnin Gwari ko ta Kachia sun san wuraren da layin waya ke ɗaukewa, shi ya sa wasu kamfanoni da ƙungiyoyi a Kaduna ke sanya wa motocinsu rediyon oba-oba. Sai dai sau da yawa akan kashe kuɗi a kan na'urar, sannan a maƙala eriyarta a duk inda hannu ya kai.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, sandar da ake gani rabin eriya ce kawai, ƙarfen jikin motar shi ne ɗaya rabin. Saboda haka babu wurin da ya kai tsakiyar rufi, domin a nan ne eriyar ke samun tsawo, ƙarfe kuma ya kewaye ta ta kowace fuska. Eriyar da ke aiki a kan mita 145 megahaz tsawonta kusan santimita 50 ne, kuma tana son shimfiɗaɗɗen ƙarfe kamar wannan tsawon a kewayenta. Idan aka mayar da ita kan murfin but, saƙo zai fi ƙarfi ta ɓangaren gaban mota, ya raunana ta baya. Jikin bamba kuwa shi ne mafi muni, tunda motar kanta ke tare ta.

Masu mota da yawa ba sa son a huda musu rufi, sai su zaɓi mai gindin maganaɗisu. Tana aiki, amma ƙurar hunturu kan shige ƙarƙashinta ta goge fenti, har ka ɗaga ta ka tarar da zobe kamar sawun kofin shayi. A riƙa cire ta ana share wurin. Ni dai na fi son hudawa, muddin za a sa robar da ke hana yoyo, domin ruwan watan Agusta a Kaduna ba ya raga wa aikin ganganci. Motar da rufinta ba ƙarfe ba ne tana buƙatar eriyar da aka ƙera don aiki ba tare da ƙarfe a ƙarƙashinta ba, ko kuma a je Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe a Kaduna, a yanko farantin ƙarfe a ɗaura mata.

Kafin a huda, a auna tsayin ƙofar gida da na gareji, a kuma tuna da rassan mangwaro da wayoyin lantarki da suka yi ƙasa a cikin unguwa. A nisanta wayar eriyar daga injin saboda ƙarar da fulogi ke jefawa cikin rediyo, kada kuma a bari ƙofa ta riƙa matse ta. Bayan an gama, a gwada da ma'aunin SWR, wato na'urar da ke nuna ko eriyar ta dace da rediyon, a fili, ƙofofi a rufe. Idan ya haura 2, a daidaita tsawon sandar kafin a fara magana da ita.