Kurakuran da aka fi yi wajen kafa kan dabbar farauta a ƙaramin ɗaki

Yawancin ɓarnar tun a daji ake yin ta, kafin ma a iso gida. Maharbi ya kayar da mazo ko barewa, ya yi bisimilla ya yanka, ya datse kan daga wuya, sai daga baya ya tuna hoton da ya gani na falon Turawa, inda kan dabba ya leƙo daga bango har kafaɗa kamar mai rai. To wannan salon yana buƙatar fatar wuya da ƙirji gaba ɗayanta, a yanke ta daga bayan ƙafafun gaba. Yankanmu kuwa a maƙogwaro yake, daidai inda ido zai fara sauka. Gwani yana iya ɗinkewa, amma a dabba mai gajeren gashi ɗinkin ba ya ɓoyuwa sosai. Idan wuƙa ta riga ta wuce, a haƙura da kafaɗa, a koma ga ƙoƙon kai da ƙaho.

A ganina ma wannan ba asara ba ce ga mai ɗaki sha biyu-sha biyu. Mutane sukan auna faɗin bango su manta cewa kan da aka ɗinke har kafaɗa yana turo baki cikin ɗaki, sau da yawa fiye da rabin mita, ga kuma ƙahon da ke neman sama. Ƙahon babban gwanki yakan haura santimita 60. Ka lissafa silin, ka lissafa fanka, ka tuna ƙofar da ke buɗewa ciki. Dabara mai sauƙi ita ce ka yanki kwali daidai girman abin, ka manna a wurin, ka kwana biyu kana wucewa. In har ka sunkuya sau ɗaya don kada ka buge shi, wurin bai yi ba. Kusurwar ɗaki ta fi tsakiyar bango ɗaukar irin wannan kaya, musamman idan fuskar na kallon tsakiyar ɗaki.

Ƙoƙon kai fari tas a kan ɗan allo, wanda ake kira salon Turai, wuri kaɗan yake ci, kuma kana iya yin sa da hannunka, alhali masu ɗinke dabba da gaske sai ka nufi irin su Afirka ta Kudu ko Namibiya, ka jira watanni. Wanda ya fi shi ƙanƙanta shi ne ƙaho kawai da ɗan ƙashin goshi. Na gada ko tafin hannu bai cika ba, kan shiryayye ma ya ishe shi. Sai dai a nan ne aka fi tafka kuskure. Ana jefa kan a tukunya a bar shi yana tafasa kamar farfesu, ƙasusuwan hanci su tarwatse, haƙora su zube. Wuta kaɗan ake so, ruwa yana motsi kawai, da ɗan garin sabulun wanki don ya janye maiƙo, ƙahon kuma yana waje da ruwan. Sannan kada a kusanto da Hypo ko Jik. Za su faranta shi a ranar, amma suna cinye ƙashi, bayan wani lokaci ka ga yana zubar da gari kamar alli. Haidurojin da ake wanke ciwo da shi a kemis ya wadatar, in dai ka bar ƙashin ya jiƙa ya daɗe, ba tare da ya taɓa ƙahon ba.

Akwai abin da da yawa ba su sani ba sai wari ya sanar da su. Ƙahon barewa, mazo da gwanki kube ne da ya rufe ƙashi a ciki, kuma tsakaninsu akwai nama da jini. A zare kuben, a kankare ƙashin, a shanya, sannan a mayar. In ba haka ba, damina na sauka ɗaki zai ɗauka, uwargida kuma ta ce ko ita ko ƙahon.

Fata ma haka. Shanya ta a rana da toka ba jima ba ce, jinkirta ruɓewa ne kawai. A kankare kitse, a zuba gishiri tun ranar farko, a kai wa majemi, a kuma gaya masa da gashinta ake so kamar buzu, don kada ya tsoma ta a ruwan toka ya tuje ta kafin bagaruwa. A ƙaramin ɗaki bango ya fi mata ƙasa, domin takawa na cinye gashi.

Wurin kafawa: ban da gaban taga, rana na kashe launi, ban da kusa da madafa, hayaƙi da maiƙo na manne wa gashi. Hunturu na tsattsage kunne da hanci, damina na kawo funfuna da asu, saboda haka a riƙa dubawa, in ka ga gashi na zuba a ƙasa to ƙwaro ya shiga. Ƙusa ɗaya a bulo mai rami ba ta riƙe nauyi. A huda, a sa roba da sukuru.

Ka kuma san abin da kake kafawa a gaban baƙi. Dokar 1985 ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa a Najeriya ta hana farautar irin su damisa da zaki, ketare iyaka da sassansu kuma ya faɗa ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1973 kan cinikin namun daji, wato CITES. Akwai kuma malaman da suka hana rataye ɗinkakkiyar dabba a gida, don haka mai shakka ya tambayi malaminsa tun kafin ya biya kafin alƙalami.