Yadda za ka bi diddigin kalmar Turanci, mu gwada da "ort"

Ƙanwata ce ta turo min hoton wasan cike gurbin kalmomi da take bugawa a waya, irin wanda Turawa ke ce wa crossword, gurbi uku ne kacal kuma an ce mata ragowar abinci, ta yi ta yi ta kasa, da ta danna a nuna mata amsa sai ga ORT. Sai ta ce min yaya wannan ba ruwan gishiri da sukari ba ne da ake ba yara in suna gudawa? To daga nan maganar ta taso, na ce bari in rubuta yadda nake bin kalma tun daga tushe, don wallahi yawancinmu da mun buɗe ƙamus mun ga layin farko shikenan mun rufe, alhali daɗin yana can ƙasa.

Abu na farko, ka tabbatar wace kalmar ce a gabanka. ORT na asibiti taƙaitawa ce, haruffan farko na oral rehydration therapy, ba shi da haɗi da abinci ko kaɗan. Akwai kuma Ort na Jamusanci wanda ke nufin wuri ko gari, shi ma daban. Namu shi ne ort da ƙananan haruffa, kuma galibi a jam'i yake zuwa, orts, wato guntattakin abincin da aka ci aka bari a kwano. In ba ka raba waɗannan tun farko ba za ka yi ta haɗa zaren da ba ya haɗuwa, kuma intanet cike take da masu yin hakan, da sun ga kalmomi biyu sun yi kama sai su ɗaura musu aure.

Daga nan sai ka nemi shekaru. Buɗe ƙamusun Merriam-Webster a waya, kyauta ne, ka gangara ƙasa ka wuce ma'anar, za ka ga inda suke rubuta lokacin da aka fara ganin kalmar a rubuce, na ort ƙarni na 15 ne. Sai ka leƙa Etymonline, shi aikinsa kenan asalin kalmomi, zai ce maka tsakiyar ƙarni na 15. Kada ka tsaya a guda ɗaya, ka duba biyu ko uku. Babbansu shi ne Oxford English Dictionary wanda aka fara fitar da shi kashi kashi a 1884 ba a gama ba sai 1928, abin da ya bambanta shi shi ne yana jero maka jimlolin da mutane suka rubuta da kalmar shekara bayan shekara, sai dai shi na kuɗi ne, in kana jami'a ka tambaya a laburare. Tunda kalmarmu ta zamanin Turancin tsakiya ce, wajen 1100 zuwa 1500, akwai Middle English Dictionary na jami'ar Michigan a Amurka, shi kyauta yake a intanet.

To a nan ne nake so ka ɗan zauna, don nan ne abin ya fi burge ni. Ma'anar farko ba ta teburin mutane kaɗai ba ce, har da ragowar abincin dabbobi. Wani tsohon ƙamusun Turanci da Latin da aka rubuta wajen 1440 a gabashin Ingila, Promptorium Parvulorum, da abin da dabba ta ci ta rage ya fassara kalmar. Duk wanda ya taɓa turke ragon layya ya san abin da ake nufi. Ka zuba masa harawa da yamma, da safe ka zo ka tarar ya tsince ganyen tas ya bar maka busassun itatuwan nan masu tauri, ya tattake wasu da ƙafa sun haɗu da ƙasa, ko ka tura masa gaban baki sai ya kau da kai. Wannan tarkacen da kake sharewa daga gindin turke shi ne orts a bakin manomin Ingila na wancan lokacin.

Sai mataki na gaba, ka nemi 'yan uwan kalmar a wasu harsuna ka fasa ta gida gida. Ƙamusoshin suna haɗa ort da tsohon Jamusancin arewa, na bakin teku, da kuma tsohon yaren mutanen Holan inda ake da ooraete. In ka raba ta biyu, gaban shi ne or ko oor mai ɗauke da ma'anar waje ko rashi, bayan kuma daga aikatau na ci ne, wanda Holan ke cewa eten, Jamusawa essen, Ingilishi eat. Kenan abin da ba a ci ba, abin da ci ya bari. Ka ga kalma mai harafi uku ashe akwai eat a ɓoye a cikinta, tsufa ne ya cinye ta har ta koma haka. Kuma ba abin mamaki ba ne a samu irin wannan dangantaka, tashoshin jiragen ruwan gabashin Ingila sun daɗe suna cinikin ulu da tufafi da biranen Holan da arewacin Jamus.

Wannan dabarar ta fasa kalma tana aiki a wurare da yawa. Gwada da offal, kayan ciki, off ne da fall, abin da ya faɗo gefe lokacin da mahauci ke fiɗa, kuma Jamusawa har yau Abfall suke ce wa shara, Holan kuma afval. Garbage ma da Amurkawa ke ce wa shara, a ƙarni na 15 kayan cikin kaza da sauran tsuntsaye take nufi, har dafawa ake yi a ci. Scrap kuma daga tsohon yaren mutanen Sikandinebiya ta zo, dangin scrape ce, kankara, wato abin da aka kankaro, ni da na gani ƙanzo ne ya faɗo min a rai nan take.

Bayan ka san asali sai ka duba yadda marubuta suka yi amfani da ita, don ma'ana tana yawo. Shakespeare ya sa ta a wasan kwaikwayonsa Troilus and Cressida, inda Troilus ya ga masoyiyarsa ta juya masa baya ta koma wa wani sai ya kira abin da ya rage na soyayyarta orts, kamar dai ragowar kwanon da wani ya ci ya ture. A littafin George Eliot, Silas Marner na 1861, an kawo ta a kan ragowar walimar masu kuɗin ƙauye da ke gangarowa zuwa ga talakawa. To ka lura, daga gindin turke ta shiga gidan masu hali, kuma kullum akwai ƙamshin wani ya ci ya ƙoshi wani yana jiran saura.

Shi ya sa in za ka fassara ta kada ka yi gaggawar cewa shara. Shara ta bola ce, ta juji. Ragowa ta yi, saura ma ta yi, amma ni wadda ta fi kwanta min ita ce suɗi, abin da babba ya ci ya rage a kwano aka miƙa wa yara ko almajirin da ke bakin ƙofa. In gutsattsarin burodi ne a kan tabarma sai ka ce ɓarɓashi. Ka duba ƙamusun Bargery na 1934 ko na jami'ar Bayero ka gwada su ɗaya bayan ɗaya da jimlar da ke gabanka, wadda ta zauna daidai ita za ka ɗauka. Mutane suna tsallake wannan matakin kuma ina ganin kuskure ne babba, don sai ka samo takwarar kalma a harshenka sannan take zama taka.

Saura abu ɗaya, ka binciki ko kalmar tana raye. Shiga Google Books Ngram Viewer, ka rubuta orts, ka sa waƙafi, ka rubuta leftovers, zai zana maka layuka biyu na yadda suke fitowa a littattafai, za ka ga leftovers da ta shigo daga baya ta yi sama ta bar orts a ƙasa. A yau in ka shiga gidan abinci a Landan ka ce a ƙunsa maka orts da wuya ma'aikacin ya gane, leftovers ko scraps za ka ce. Inda ort ta samu mafaka shi ne wasan crossword, wanda aka fara bugawa a jaridar New York World a Disamban 1913, masu tsara shi suna son gajerun kalmomi masu haruffan da ke saurin haɗuwa da wasu, O da R da T kuwa suna shiga ko'ina. A Scrabble ma, wasan jera haruffa a haɗa kalmomi, an yarda da ita, in haruffa suka maƙale maka ka ajiye ort ko orts ka ci makinka, wanda ya yi gardama a buɗe ƙamus.

Ƙanwar tawa dai yanzu ta kama offal da garbage tana bi da kanta, jiya ta turo min saƙo tana tambaya ko rubbish da rubble 'yan gida ɗaya ne, na ce ta buɗe Etymonline ta gangara ƙasa ta duba shekarun tukuna.