Kafin ka ɗauko talabijin daga kasuwa

Duk wanda ya zo neman shawarata, tambayarsa ɗaya: LG ko Samsung, Hisense ko TCL? Biyun farko na Koriya ta Kudu ne, biyun ƙarshe na Sin, kuma kowanne yana da mai ƙarko da mai araha. Amma a Sakkwato ba suna ne ya fi kashe talabijin ba.

Na farko jabun kaya ne, kuma ni na fara faɗawa tarkon. Na sayo mai inci 43 a Babbar Kasuwa, sunan wani babban kamfani na ƙyalli a goshinsa, farashi kuma kamar kyauta. Ban karɓi rasit ba, ban duba lambar samfurin da ke baya ba. Wata biyar hoto ya ɗauke, murya kawai ke fita. Mai gyara a Mabera ya kwance bayansa, ya sa farce ya ɓamɓare sunan a gabana, ya ce, "Alhaji, wanga manna mai suna kawai aka yi." Araha ba ta ado. Yanzu sai an kunna min a shago, na shiga saitin na ga lambar samfurin ta yi daidai da ta kwali da ta baya, sannan a ba ni takardar garanti mai hatimi.

Na biyu kuwa laifinku ne, ba na kamfani ba. Ka kashe dubban ɗaruruwa, sannan ka soka filogi kai tsaye a bango! Lokacin da wuta ta dawo da ƙarfi, ko ana sauyawa zuwa janareto, shi ne bod ɗin wutar, wato allon da ke karɓar wuta a cikin talabijin, ke ƙonewa. Ni stabilaiza nake sawa, kuma da an ɗauke wuta nake zare filogi. Iyalina na ce min na cika tsanani. To.

Sai zafi. A Afrilu muna haura digiri 40, kai kuma ka manne shi da bangon da rana ta gasa, ka ƙure haske. Fitilun bayan gilashin ne ke mutuwa a haka. Rage hasken, bar masa sarari ya sha iska.

Lokacin hazo a rufe shi da ƙyalle, amma sai an kashe. Kada a fesa wa gilashin ruwa.

Mai sola ya duba watt nawa yake ci kafin ya duba girma. Kuma ka tambayi mai gyaran unguwarku kayan wane kamfani yake samu cikin sauƙi, tun kuɗin na aljihunka.