Farin shafi da kuskuren rubutun PHP: inda nake fara dubawa

Ranar da za a fitar da sakamakon ɗalibai a wata makaranta da na yi wa shafi a nan Jos, shugabanta ya kira ni da sassafe, sanyi na kaɗawa: "Malam, shafin ya koma fari fat, ba komai." Ina jin haka na san aikin PHP ne, harshen kwamfuta da na rubuta shafin da shi. Idan ta ci karo da kuskuren rubutu, ko layi ɗaya na fayil ɗin ba za ta gudanar ba, sai saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta mayar da lambar kuskure 500.

Kada ka taɓa kod tukuna, nemi saƙon kuskuren. A sabar Ubuntu mai manhajar Apache yana cikin /var/log/apache2/error.log, a cPanel kuma, wato allon sarrafa saba, galibi akwai fayil mai suna error_log a babbar foldar shafin. Na sha ganin yara suna saka ini_set a saman fayil ɗin da ya lalace don saƙon ya fito. Ba zai fito ba, domin fayil ɗin bai ma fara gudana ba. A php.ini, fayil ɗin saitunan PHP, ake kunna display_errors mai nuna kuskure a shafi, kuma a kwamfutarka kawai, kar a kunna a shafin da jama'a ke shiga.

Abin da ya fi mini sauri shi ne php -l sakamako.php. Yana duba rubutun ba tare da ya gudanar da shi ba. Masu Node suna da node --check, masu Python kuma python -m py_compile.

Sai lambar layi, inda mutane suka fi ɓata lokaci. Layin da saƙon ya ambata wurin da PHP ta rikice ne, ba lallai wurin da ka yi laifin ba. Idan ta ce layi na 48, duba na 47, sau da yawa waƙafi mai ruwa (;) ne ka manta a ƙarshensa. Idan ta ce unexpected end of file, akwai { da ka buɗe a sama ba ka rufe ba. Ɗora alamar rubutu a kan kowanne a VS Code, manhajar rubuta kod, zai haskaka maka abokinsa.

Nawa na ranar nan, Hausarmu ce ta jawo shi. Da daddare na ƙara gaisuwa: echo 'Sannu ɗan'uwa', kuma saƙon ya ce unexpected identifier "uwa". Waƙafin saman da ke cikin ɗan'uwa ya rufe zancen tun kafin lokacinsa. Duk mai rubuta Hausa a cikin kod ya kiyaye wannan, don a'a, 'ya'ya, ko'ina da jama'a duk haka za su yi. Ka kewaye zancen da alamar zance mai biyu, ko ka sa \ kafin waƙafin. Haka ma kod ɗin da aka kwafo daga Word, alamominsa masu lanƙwasa ne, PHP ba ta san su ba.

Idan kuma yana aiki lafiya a kwamfutarka amma ya ƙi a saba, buga php -v a duka biyun. Misali, match da ?-> sun zo ne da PHP 8.0 a Nuwamban 2020, sabar da ke kan 7.4 kuskure za ta ɗauke su. A cPanel kana iya sauya sigar, ka sake loda shafin.